Garin Bulon Da Bai Yi Baƙi Ba

Tun ina yaro nake tsoron Vaidyar Kunjandi, amma ban taɓa jin tsoronsa ba kamar safiyar da na tsuguna a bayan ɗakin dafa maganinsa, na cusa hannu cikin kwandon garin bulo, na fito da shi jawur.

Bai kamata garin ya kasance ja ba. Vaidyar, kamar yadda muke kiran mai magani a nan Kerala ta ƙasar Indiya, maƙwabcinmu ne, shingen kara kawai ya raba gidanmu da nasa. Shekara hamsin ya yi yana dafa man ƙwaƙwalwa: man shanu, ruwan ganyen brahmi, waɗansu saiwoyi, da ƙwallon cheru kaɗan. Kowace shekara, idan jarrabawar watan Maris ta gabato, iyaye mata sukan jera kwalabe a barandarsa. Ni ma na sha, cokali guda kafin karin kumallo, kuma har yau mahaifiyata ta fi yarda cewa man ne ya ba ni difloma a haɗa magungunan gargajiyarmu na Ayurveda, ba karatun da na yi ba.

Cheru shi ne baƙin ƙwallon da masu wanki ke yi wa tufafi alama da shi. Idan mansa ya taɓa fata sai ta tashi kamar ƙunar wuta. Kafin ya shiga magani dole a yanke kansa, a binne shi cikin garin bulo kwana bakwai, har garin ya tsotse dafin ya koma baƙi, sannan a wanke shi a dafa da madara. Tun kafin in shiga makaranta Vaidyar da kansa ya nuna mini wannan, yana riƙe da kunnena don kada in manta.

'Yarsa Sulochana ce ta kira ni ta kan shinge a safiyar nan, in taimaka mata mu kai tukunyar tagulla ɗakin ajiya. Ta haura shekara arba'in, kuma ita kaɗai ke kula da shi. Ina shigowa na ga kawunan cheru zube kusa da dutsen niƙa, da wuƙa mai danƙon baƙin mai wanda bai ko bushe ba. Shi ya sa na nufi kwandon.

"Chechi," na ce, don haka muke kiran babbar yaya, "yaushe ya yanka su?"

"Shekaranjiya."

"Shekaranjiya ya yanka, jiya ya dafa?"

"Ya ce ya binne su. Ya ce kwanansu bakwai."

"Ke kin gani?"

Sai ta ja gefen zanenta ta rufe kumatunta. Na riga na ga shatin yatsu huɗu a wurin. Shekara biyu ke nan muna jin abin da ke faruwa ta kan shinge: yana kiranta da sunan mahaifiyarta da ta rasu, yana neman tabaraunsa alhali suna fuskarsa, ya ce ta sace, sai mu ji ƙarar dukan lema a bayanta. Babu wanda ya taɓa magana. Wa zai fito ya ce mai maganin mantuwa ya fara mantuwa?

"Binu, ina roƙonka," ta ce a hankali, "bari mu kai tukunyar ciki. Ni zan san dabarar da zan yi."

"Jibi za a fara zuwa da kwalabe. Mabuɗin ɗakin ajiyar yana ƙugunsa. Wace dabara?"

Na tsaya ina lissafin yaran da na sani a layinmu kaɗai, na ƙirga goma sha ɗaya. Sai na shiga ɗakin dafa maganin.

Vaidyar yana zaune a kan ƙaramar kujerarsa, ƙirji a buɗe, yana rera baitocin littafin magani ba tare da kuskuren ko harafi ɗaya ba. An riga an tace man, ya huce, yana ƙyalli kore-kore cikin faffaɗar tukunyar. Yatsunsa duk sun yi ƙuraje masu ruwa, shi kuwa ko kulawa bai yi ba.

"A'a, likitan kwali!" ya ce. "An zo koya mana aiki? Zauna, kada takardar ta yi maka nauyi."

"Baba, na duba garin bulo."

"Wa ya aike ka?"

"Ja ne, Baba. Ba a binne cheru ba." Na buɗe tafin hannuna na nuna masa.

Ya dubi garin, ya dube ni. Na ɗan lokaci na ga kamar yana laluben wani abu cikin kansa, kamar mai neman ƙofa a ɗakin da bai sani ba. Da bai same shi ba sai fuskarsa ta rikiɗe.

"Kwana bakwai na binne su. Da hannuna."

"Dubi yatsunka, Baba. Shekaranjiya ka..."

Ban ga lokacin da ya ɗauki muciyar ƙarfe ba. Bugun farko a kunne ya same ni, duniya ta yi shiru. Na biyu ya sauka a kan ƙashin kafaɗata ta hagu, na ji ya karye kamar busasshen reshe. Na faɗi a kan itacen hura wuta.

"Ni za ka ce wa na manta? Ni? Ranar da aka haife ka ni na shafa maka zuma a harshe, shi ne yau harshen ya yi tsawo! Ɗan wa ma kake? Ɓarawo! Wa ya turo ka ka ɓata mini suna?"

Sulochana ta rungume shi ta baya. "Baba, Binu ne! Binun Madhavi ne, za ka kashe shi!"

Tsoho ne da ya haura tamanin, amma hannunsa hannun mai daka saiwa ne. Ya kama gashinta ya fizgo ta gaba, ya buga fuskarta a dutsen niƙa. Na ga haƙorinta ya faɗi cikin kawunan cheru. Daga can bayan shinge mahaifiyata Madhavi tana ihu tana kiran maza.

Sai ya tsaya, yana haki, ya jefar da muciyar.

A gidansu akwai ƙa'ida tun daga kakansa: babu man da zai fita daga tukunya sai mai dafawa ya fara ɗanɗanawa. Ɗan lasa ne kawai da kan yatsa. Wannan ƙa'idar bai manta da ita ba.

"Dafi ko?" ya ce. "To, zuba ido, likitan kwali."

Ya ɗauki ludayin ƙoƙon kwakwa ya cika shi fal. Ƙafarsa tana nan kusa da hannuna na dama, wanda babu abin da ya same shi. Da na ja ta, da ya faɗi, da ludayin ya zube. Na sha auna tazarar nan a zuciyata, ba ta kai kamu ɗaya ba. Ban miƙa hannu ba, domin ina tsoron bugu na uku. Ya shanye, ya sake cikawa ya shanye, ya goge bakinsa da bayan hannu.

"Gobe ka zo ka ga gawar."

Kafin rana ta take leɓunansa sun kumbura, harshensa ya cika bakinsa, ya fara aman jini. Maza huɗu suka ɗauke shi zuwa keke mai ƙafa uku, yana shuri, har ya ciji direban a kafaɗa. A asibitin gari sai da aka ɗaure hannuwansa a ƙarfen gado. Ni kuma aka naɗe mini kafaɗa a ɗakin da ke ƙasa. Washegari likita ya ce ƙodarsa ta daina aiki.

A kwana na uku da hantsi na hau wurinsa. Sulochana tana zaune gefen gado, leɓenta a ɗinke. Ya buɗe ido, sai na ga idon da na sani tun ina yaro, sarai, babu hazo.

"Binu," ya ce, muryar da kyar take fita. "Ka duba garin?"

"Na duba, Baba."

"Wane launi?"

"Ja."

Ya rufe ido. "Ja," ya maimaita. Da ya sake buɗewa sai ya juya wajen 'yarsa, ya ƙura wa bakinta ido.

"Wa ya yi miki wannan? Faɗa mini sunansa."

"Faɗuwa na yi a bakin rijiya, Baba."

"Kullum ina gaya miki gansakukar nan. Ba kya ji."

Bai ƙara magana ba. Da yamma ya cika.

Aka sare bishiyar mangwaron da ke kudancin gidan, aka ƙone gawarsa da itacenta kamar yadda aka yi wa mahaifinsa. Sulochana ta gaya wa kowa zuciyarsa ce ta buga. Waɗanda suka ɗauke shi suka yi shiru, ni ma na yi shiru. Ta kulle ɗakin ajiya da tukunyar a ciki, ta ce mini idan baƙi sun watse za mu zubar da man, babu wanda zai sani.

Matan unguwa ba su bari baƙin sun watse ba. Ranar da aka kwashe tokar gawarsa, saura kwana goma jarrabawa, na ji hayaniya na leƙa. Mata sun kai ashirin a baranda, kowacce da kwalbarta. Ambika mai sayar da kifi ce a gaba, wadda 'yarta ta faɗi bara, bana kuma ita ce damarta ta ƙarshe.

"Man ya lalace," Sulochana ke cewa. "Na gaya muku ya lalace."

"Ya lalace a ina? Man Vaidyar na shekara biyar bai yi wari ba!"

"Tukunyarsa ta ƙarshe ce fa, albarkarta ta fi ta kowacce."

"Ta ɓoye wa 'ya'yan masu mota ne, mu da muke warin kifi mu mutu!"

"Ambika, ki ji tsoron bakinki."

"Bakina lafiyarsa ƙalau, naki ne a ɗinke. Ba ni mabuɗin!"

Ta kama ƙugun Sulochana ta fizge mabuɗin, wata ta ture Sulochana, ta faɗi zaune, ɗinkin ya buɗe, jini ya zubo kan farin zanen makokinta. Kafin in tsallake shingen har sun buɗe ƙofar, Ambika ta ɗaga murfin tukunyar.

Na zagaya baya na jawo kwandon da hannu ɗaya, na ratsa su, na ajiye shi a bakin ƙofar. Na dubi Sulochana. Ta girgiza mini kai sau ɗaya, tana roƙona da ido. Sunan mahaifinta ne kaɗai abin da ya bar mata, kuma na san abin da zan yi masa. Ni mutum ne da ko a aji ban taɓa ɗaga hannu ba.

"Iyayena, ku saurara," na ce, sai da na maimaita sau biyu kafin su ji. "Duk kun san launin da garin nan yake komawa idan an binne cheru. Ku duba shi. Vaidyar ya shekara biyu yana mantuwa, mun ji, mun yi shiru, ni ma na yi shiru. Bana ya manta bai cire dafin ba. Ba zuciya ce ta kashe shi ba, ludayi biyu ya sha daga tukunyar nan a gabana. Babu yaron da zai lashi man nan. Yanzu zan haƙa rami in binne shi kuna kallo, wadda ba ta yarda ba ta zo ta karya mini ɗaya kafaɗar."

Ambika ta mayar da murfin a hankali, ta goge yatsunta a zane, ta sake gogewa.

Sulochana ta tashi ta shiga ciki. Na ɗauka ba za ta ƙara yi mini magana ba har abada. Sai ga ta ta dawo da fartanya, ta dubi hannuna da ke rataye, ta miƙa wa Ambika. A kusa da kututturen mangwaron aka haƙa. Mata huɗu suka karkata tukunyar, man ya gangara cikin ramin a hankali. Sulochana ta ɗauki kwandon ta zazzage shi a kai, muka tsaya muna kallon garin yana yin baƙi daga gefe zuwa tsakiya.