Gawar da Ke Numfashi

Babanmu tela ne, bai taɓa zama ɗan wasa ba. Shi ya ɗinka kayan wani fim na binciken kisan kai, tun ba a haife ni ba. Ranar da za a ɗauki wurin da aka tsinci gawa a falo, wanda zai fito a mamacin bai zo ba. Darakta ya hango Baba a gefe da tef a wuya, ya ce ya taimaka ya kwanta.

Fim ɗin cike yake da kurakurai. Jami'in bincike ya shiga ɗaki da baƙar hula, ya fito da fara. Wuƙa tana gefen dama na gawar, kyamara na juyawa ta koma hagu. Amma babban abin dariyar shi ne Baba. Likita na cewa, "Wannan ya yi awa uku da cikawa," cikin Baba kuwa sai hawa yake yana sauka, har ƙuda ya sauka masa a ƙafa ya motsa babban yatsa.

"Ai na gaya musu ban iya mutuwa ba," in ji shi duk sanda muka tsokane shi.

Bayan ya rasu, Umma ta riƙa sa kaset na fim ɗin idan ta gama aikin gida. Ba ruwanta da wanda ya yi kisan. Sai ta tura gaba zuwa inda yake kwance a falon, ta kalla, ta mayar baya. Muna da hotunansa, amma nan kaɗai yake motsi. Shekara shida ana haka, har zaren kaset ɗin ya tsinke, mai gyara ya ce ba ya ɗoruwa.

Yayana ya yi ta cigiyar wani kaset ɗin. Wata rana da hantsi ya shigo da murnarsa: wani kamfani ya sabunta fim ɗin, an wanke hoto, an gyara sauti. Ya haɗa wayarsa da talabijin. Umma ta sa tabarau, ta jawo kujera kusa.

Hular jami'in ta zama baƙa, shiga da fita. Aka zo falo. Ga Baba kwance a kafet, fuskarsa tar kamar ka miƙa hannu ka taɓa. Likita ya yi maganarsa. Cikin bai motsa ba. Ƙudan ma babu shi.

"Mayar baya," in ji Umma.

Yaya ya mayar. Muka sake kallo.

"Umma, gyarawa suka yi," ya ce a hankali. "Tsayar da hoton suka yi a wurin."

"Wa ya ce musu ya ɓaci?"

Ta cire tabaran ta riƙe a cinya. Can ta ce, "Kashe. Na taɓa ganinsa a haka sau ɗaya, ya ishe ni."

Yaya ya rubuta wa kamfanin yana roƙon tsohon kwafin. Bayan wata biyu suka amsa cikin ladabi cewa ba sa fitar da shi. Ba mu gaya mata ba, ita ma ba ta taɓa tambaya ba.