Layar Ƙwallon Dabino Ɗaya

A bayan shagon kaset na Salahuddin, can cikin kasuwar Omdurman, akwai wani ɗan lungu da ko akuya aka ɗaure a ciki sai ta yi ƙorafi. A nan samari suke taruwa bayan la'asar su baje wasu katuna a kan kifaffen kwali. Ba kartar caca ba ce. Wani wasa ne da ƙanin Salahuddin ya aiko daga Jidda, kowane kati da zanensa: dodanni, mayaƙa masu ƙaho, bokaye, ga kuma rubutun Turanci a ƙasa. Samarin suna ce masa Tinnin, saboda ƙaton macijin nan mai fukafukai da ke jikin akwatin.

Dokar wasan ba ta da wuya. Kowane kati da farashinsa, kafin ka jefa shi sai ka biya daga ƙarfin da ka tara, su kuma da ƙwallon dabino suke auna ƙarfin. Macijin kansa ƙwallo bakwai yake ci. 'Ya'yan masu hali daga Khartum su ne masu irin waɗannan manyan katuna, suna riƙe su kamar jarirai. Tariq kuwa, ɗan unguwar Hajj Yusuf mai naɗar kaset a shagon, abin da suka raina shi yake tsinta, wato ƙananan katunan sihiri masu cin ƙwallo ɗaya. Da su yake ba su kashi har su tashi suna zagin sa'arsa.

Wanda ya fi so shi ne wanda suka sa wa suna Mayafi. Zanen wani mutum ne a lulluɓe, rabin jikinsa ya ɓace. Idan ka ɗora shi a kan sojanka, babu makamin da zai taɓa shi har zagayen ya ƙare. Mutum zai daɗe yana tara ƙwallaye, ya saki macijinsa yana hura hanci, sai Tariq ya ɗan tura ƙwallo guda da farce, ya ajiye Mayafi, wutar ta tashi a banza. Yana jin daɗin wannan fiye da cin nama.

A shekarun nan yaƙin Kudu yana cin samari, gwamnatin soja kuma ta gaji da jiran masu kawo kansu. Sai aka shiga kasha: a tare mota a tsakiyar titi, a sauke duk wanda gashin baki ya fara tsiro masa, a loda su zuwa sansanin horo.

Wata safiya kashar ta faɗa kan hafla, wato motar haya, da Tariq yake ciki, dab da gada. Aka jera samarin a rana. Kusa da shi Abdulganiyu ne, ɗan maƙwabciyarsu Khadiga, yaron gareji mai faɗin kafaɗa wanda bai taɓa riƙe katin Tinnin ba. Wani hafsa ya bi layin yana lalube aljihu, har ya zaro ƙunshin Tariq da aka ɗaure da roba. Ya warware. Ya ga ƙaho, ya ga ƙoƙon kai, ya ga mutumin da rabinsa ya ɓace.

"Wannan fa?"

Tariq ya sunkuyar da kai.

"Kai ɗan ina ne? Wace ƙabila?"

"Hausa, ranka ya daɗe."

"Fallati," in ji hafsan a hankali.

To, a ƙasar nan kowa ya yarda da abu ɗaya game da Fallata, kamar yadda suke kiran Hausawa da ire-irensu: su ne masu laya da rubutun sha, su ne masu ɗaure bakin bindiga. Mutum zai ƙi zama kusa da kai a mota, amma ranar da matarsa ta kasa haihuwa sai ka gan shi a ƙofar gidanku yana sunkuyar da kai. Hafsan ya mayar da katunan a hannun Tariq da sauri, ya goge yatsunsa a wando, ya tofa a gefe.

"Koma mota. Ban gan ka ba, ba ka gan ni ba."

Tariq ya koma mota. Ta taga ya ga ana tura Abdulganiyu bayan babbar mota, shi kuma ya waiwayo yana kallonsa, baki buɗe. Matan unguwar Hajj Yusuf da ke cikin haflar duk sun gani, kuma ba a san su da riƙe magana ba. Kafin azahar labari ya riga Tariq isa gida: jikan Faki Ɗantsoho, malamin tsibbu, ya gaji kakansa, ya makantar da soja da rana tsaka.

Khadiga ba ta zo ranar ba. Ta yi makonni tana yawon ofisoshi, ana tura ta daga wannan ƙofa zuwa waccan, har ta gano sansanin da aka kai ɗanta, a bakin kogi, gaba da Soba. Sannan ta shigo gidansu Tariq da hantsi, ta zauna a bakin gado kusa da mahaifiyarsa Indo, ta ƙi taɓa shayin da aka zuba mata.

"Tariq ya waladi, ɗana, an ce Juma'a za a bar mu mu gan su. Ka ba ni abin da ka nuna wa sojan nan."

"Hala Khadiga, innata, wallahi wasa ne. Li'ib ne kawai. A kanti ake sayar da shi."

"Ma'alesh, ba komai. Ni ma na san ba a faɗa."

"Ba ɓoyewa nake ba! Bature ne ya zana shi, inji ne ya buga shi. Ko Salahuddin ki tambaya."

"Baturen ne ya mayar da kai mota?"

Ya dubi mahaifiyarsa neman agaji, sai ya tarar ita ma da wani irin ido take kallonsa. Indo ta ja shi gefe, wajen randa.

"Kai, ba ka da kunya? Mace ta zo da hawaye, tare muka yi goyonku. An kama nata an bar nawa, kana so a ce mun ga samu mun hana? Me zai ragu a jikinka?"

Gaskiya babu abin da zai ragu. Yana da Mayafi har guda huɗu, domin kati ne da ake samu a kowane ƙunshi, shi ya sa babu mai daraja shi. Ya ce a ransa, in takarda za ta sa tsohuwa ta yi barci, ina laifi? Ya zaro ɗaya ya miƙa mata. Ta karɓa da hannu biyu.

"Me yake yi?"

Ya faɗa mata kamar yadda zai faɗa wa sabon ɗan wasa, don bai san wata hanyar faɗa ba: "Wanda aka ɗora masa, makami ba ya taɓa shi."

"Me ake bayarwa?"

"Ƙwallon dabino ɗaya."

Khadiga ta gyaɗa kai, wannan ya zauna mata daidai. Kowa ya san maganin gaske ba ya cin dukiya, 'yan damfara ne suke cewa a kawo rago. Ta aika gida aka kawo dabino, ta ci a gabansa, ta ajiye masa ƙwallon a tafin hannu da ɗuminsa. Da yamma baduku ya ɗinke katin a jar fata. Ranar Juma'a ta ɗaura wa Abdulganiyu a damtse ta tsakanin wayar shinge, ta dawo tana cewa ya rame amma ya yi dariya.

Tariq ya ci gaba da zuwa Omdurman, sai dai wasan ya daina yi masa daɗi. Duk sanda ya tura ƙwallo guda ya ajiye Mayafi, sai ya tuna da Abdulganiyu. Ya lura da abin da bai taɓa damuwa da shi ba: zagaye ɗaya tak katin yake karewa. Da zarar an juyo, sojan yana nan tsirara kamar kowa. Bai faɗa mata wannan ba. Sau da yawa ya yi niyya, sai ya tuna ai takarda ce, me za a ƙara wa bayanin takarda? Ya riƙa tsallake ƙofar gidanta yana sauri.

Ana saura kwana kaɗan Babbar Sallah aka fara raɗe-raɗin cewa wani abu ya faru a sansanin. Rediyo bai ce komai ba. Raguna suna kuka a tsakar gidaje, mata suna tsaye a bakin titi suna leƙa kowace mota. Aka yi Sallah, aka ci nama ba daɗi. Bayan Sallah wani saurayi mai suna Mainasara, wanda aka kama tare da Abdulganiyu, ya sulalo unguwar da kai a aske, sanye da jallabiyar da ba tasa ba. Gidan Khadiga ya nufa. Aka aiko a kira Tariq, ya je ya tsaya a bakin ƙofa.

Mainasara yana magana yana kallon ƙasa, rabi Hausa rabi Larabci. Sun roƙi a bar su su je gida Sallah, aka hana. Aka kuma ji cewa bayan Sallah Kudu za a kwashe su. Sai wasu suka ce a fasa shinge a gudu ta kogi, amma kowa yana tsoron harsashi.

"Sai Abdulganiyu ya naɗe hannun riga ya nuna mana layar. Ya ce da idonsa ya ga aikinta a gada. Ya ce shi zai shige gaba, duk wanda ya riƙe rigarsa ya tsira. Da ba don shi ba, wallahi Hala, da yawanmu ba za su tashi ba."

Suka tashi da la'asar. Aka yi harbi. Wasu sun faɗi dama da hagu, amma Abdulganiyu ya kai bakin ruwa ko ƙwarzane babu. Akwai kwalekwale ɗaya na masunta. Kowa ya so ya shiga wanda mai layar yake ciki, suka yi masa yawa, suna ta kama rigarsa, suna kama damtsensa. A tsakiyar kogi ya kife.

"Ni na iya ruwa, a Jazira na tashi, a bakin kogi," in ji Mainasara. "Shi bai iya ba. Kuma sun riƙe shi da yawa."

Tariq ya fita bai san ya fita ba. A bayan gidan ya durƙusa. Baƙin cikin da ya kama shi ba na kuka ba ne, na jin ƙyamar hannunsa ne. Ranar ya kwashe katunan zai zuba a murhu, Indo ta fizge ta ɓoye a ƙarƙashin katifa, tana cewa ba a ƙona irin wannan a cikin gida. Bai sake taka Omdurman ba.

An sami gawar a wani lungun kogi, aka kira dangi su ɗauka ba tare da hayaniya ba. Bayan an share makoki, Khadiga ta sake shigowa da hantsi. Tariq ya so ƙwarai ta zage shi, ta kama wuyan rigarsa, ta tara masa unguwa. Ya miƙe tsaye yana jira.

Ta zauna a inda ta zauna wancan karon. Ta kwance bakin mayafinta ta fito da layar. Fatar ta yi baƙi, ɗinkin ya buɗe, katin ya kumbura ya zama dusa, ba a ganin ko rabin mutumin da ya saura.

"Ta yi aikinta," in ji ta. "Ni na ga jikinsa kafin a rufe. Ko ɗigon harsashi babu. Allah ya saka maka."

"Hala, don Allah..."

"Laifina ne. Ka ce makami, ni kuma ban tambaye ka ruwa ba."

A bakin ƙofa ƙanin marigayin ne a tsaye, Abdullah, wanda ya gama sakandare bana, kuma an ce ba mai karɓar sakamako sai ya shiga sansani. Ta yafito shi ya matso.

"Wannan kaɗai ya rage mini. Ka ba ni ta makami, ka haɗa mini da ta ruwa."

Nan Tariq ya fashe. Ya ɗaga katifa ya zaro ƙunshin, ya watsa katunan a tsakar gida, ya ɗauki ɗaya ya kekketa a gabanta.

"Takarda ce! Kin gani? Takarda! Ba ta tare harsashi, ba ta tare komai! Tsoro ne ya kama sojan nan, shi ke nan! Da ban ba ki ba, da Abdulganiyu bai shige gaba ba!"

Indo ta dafe ƙirji tana salati. Khadiga ba ta motsa ba. Ta daɗe tana kallon gutsattsarin a ƙasa, sannan ta ɗago. Idonta a bushe yake, kuma babu alamar mamaki a ciki.

"To na ji, ya waladi. Takarda ce." Ta mayar da layar bakin mayafinta. "Na je ofis, na je wurin manya, na je wurin liman. Kowa ya ce in yi haƙuri. Ran Asabar za su tafi da shi. Faɗa mini abin da zan ɗaura masa."



Ta sunkuya da ƙyar, gwiwoyinta suna ƙara, ta bi katunan ɗaya bayan ɗaya tana juyawa har ta gane mutumin nan mai lulluɓi. Ta share masa ƙasa da gefen mayafinta. Sannan ta kamo hannun Tariq, ta buɗe tafinsa, ta ajiye masa ƙwallon dabino ɗaya, ta naɗe yatsunsa a kai.