Uwar Ƙwai a Zanin Baovola

Ruwan tukunya ya fara tafasa, motar farko kuma ta riga ta yi ham daga kan kwana, lokacin da Baovola ta juya babbar oranar nan ta ga abin da ke ƙarƙashin jelarta. Ƙwai ne jingim, kamar 'ya'yan gwanda. Ta mayar da ita kwando da sauri, ta waiga hagu da dama.

Orana ita ce jatan landen rafukan dajinsu, mai hannuwa irin na ƙaguwa, kuma da ita wannan ƙauye na bakin kwalta yake ci. Maza su shiga daji da tsutsa a bakin sanda su kamo, mata su dafa su jera a faranti, fasinjojin da ke gangarowa daga birnin Fianarantsoa su saya ta taga. Sai dai halitta ce mai nawar girma, tana daɗewa kafin ta fara ƙwai. Da aka ga kamun yana ƙanƙancewa shekara bayan shekara, sai gari ya zauna ya kafa doka: duk wadda aka kama da uwa mai ƙwai a kwandonta za ta ɗora ta a ka, ta mayar da ita rafi da ƙafa, jama'a na biye suna yi mata waƙa, sannan wata guda ba ta kafa tukunya a bakin hanya.

Baovola ce ta kawo shawarar waƙar, ita ta tsara ta, ita kuma ke bin kwanduna kowace safiya tana ɗaga jela. Wata biyu da suka wuce ta raka maƙwabciyarta Razanany har bakin ruwa tana kaɗa murfin tukunya, sai da matar ta zubar da hawaye. Baovola ba muguwa ba ce, tana ƙaunar rafin nan har cikin ranta. Amma gaskiya, ta ji daɗin ranar.

"Baban Tojo!" ta kira mijinta ƙasa-ƙasa. Yana zaune a gindin ayaba yana shan kofi. "Ka duba abin da ka kamo kuwa?"

"Na duba mana. Ƙato ne, namiji."

"Namiji da ƙwai? Tun bara nake cewa idon nan naka ya tafi hutu."

Mijin nata, Ralaivao, ya leƙa kwandon, ya ajiye kofin a hankali, ya ce, "Jefa ta tukunya. Wa ya gani?"

Ta dubi ruwan yana ɓararraka, ta dubi uwar tana motsa gashin bakinta. Ɗari nawa ne a ƙarƙashin jelar nan? Hannunta ya ƙi. Amma kuma ta hango murfin tukunya a hannun Razanany, ana raka ta rafi da waƙa. Motar ta tsaya, mata suka yo kanta da farantai. Baovola ta yayyafa wa ganyen ayaba ruwa, ta naɗe uwar, ta cusa ta a ɗaurin zaninta, ta ja mayafi ta rufe. In mota ta tashi, sai ta sulale zuwa rafi.

Motar ba ta tashi ba. Direba ya buɗe gabanta yana zuba mata ruwa, fasinjoji suka sauko miƙe ƙafa. Wani mai tumbi da hular 'yan birni ya tsaya a kan farantin Baovola yana taɓe baki.

"Baiwar Allah, waɗannan ai jikoki ne. Ina iyayen? Da can in na biyo hanyar nan, guda ɗaya ke cika min hannu."

"Ku kuka cinye iyayen, ranka ya daɗe," ta ce. "Ga shaida nan a gabanka."

Aka kwashe da dariya, har shi. A daidai nan uwar ta sami ɓarakar ganye, ta lalubo naman kwiɓin Baovola, ta damƙe.

"Wayyo!"

"Lafiya, Maman Tojo?" Razanany ce, ta ajiye farantinta ta taho da saurin da bai yi wa Baovola daɗi ba.

"Ciki ne. Murɗa."

"Ayya! Ke ma ya iso kanki? Ba ke ce kullum kike cewa matan garin nan sun cika raki ba, kowa ciki, kowa daji?"

Haka ne, ta sha faɗa. Har ta taɓa kai ƙara wurin dattawa a duba rijiyar gari, don ba a kwana uku wata ba ta dafe ciki ta bar tukunyarta ta nufi daji ba.

"Zauna in murza miki," in ji Razanany, tana miƙo hannu.

"A'a! Bar shi, na gode."

"Haba, maƙwabtaka ta wuce haka. A nan ne? Ko nan?"

Uwar ta ƙara matsi. Gumi ya karyo wa Baovola duk da yayyafin da ake yi. Ta ture hannun, ta ce wa mijinta ya kula da wuta, ta bi bayan gidaje tana tafiya a karkace kamar mai ɗauke da tulu a kwiɓi.

Ta ratsa gonakin shinkafa ta shiga daji. Rabonta da wannan hanya tun ranar rakiya, sai ta ga ta faɗaɗa, ta sha sawu kamar hanyar kasuwa, amma zafin cizo bai bar ta ta yi tunani ba. A bakin gurbin da ke ƙarƙashin dutse ta durƙusa, ta kwance zani, ta yi ta lallashi.

"Saki mana, uwar 'ya'ya. Ni na hana a dafa ki, ni kuma za ki ci?"

Sai da ta tsoma kwiɓin cikin ruwan sanyi kafin uwar ta saki, ta ja da baya, ta shige ƙarƙashin dutse ba ko godiya. Baovola ta ji wani sanyi a ranta wanda ba na ruwa ba. Ta miƙe, ta juya, sai ga Razanany tsaye a bayanta, hannu a ƙugu.

Shi ke nan. Wata guda ba tukunya, da waƙa har bakin jikoki.

"To, je ki kira su," Baovola ta ce. "Murfin yana kan tukunyata."

Razanany ta cire hular kabarta a hankali, ta zaro wata ƙaramar uwa mai ƙwai daga cikin ganye, ta sake ta a ruwa. Kunnenta ya yi jawur.

"Tawa ta huɗu ke nan tun ranar da kika kaɗa min murfi," ta ce. "Ke da kika kai ƙarar rijiya! Rijiya lafiyarta ƙalau, Maman Tojo. Ke ce ciwon cikin garin nan. Duk wadda ta dafe ciki, nan take zuwa."

Baovola ta waiga ta dubi faffaɗar hanyar da ta biyo.

"Ba zan faɗa ba," in ji Razanany. "Kada ki ɗauka don ina sonki ne. In aka daina tsoron bakin nan naki, kafin shekara biyu sai dai mu dafa duwatsu. Gobe ki fito ki ɗaga jela kamar kullum. Amma yau, wuce gaba."

Baovola ta ɗaura jiƙaƙƙen zaninta ta wuce. A bayanta ta ji an haɗa duwatsu biyu, ƙwas, ƙwas, ƙwas, sannan siririyar muryar Razanany ta ɗauki waƙar, ba mai ji sai tsuntsaye. Ta daure har suka kai gonar farko. A nan ta tsaya cak.

"Kin ɓata baiti na biyu," ta ce ba tare da ta waiwayo ba. "Ba haka na tsara shi ba."

Ta gyara murya, ta rera shi daidai, ta sa sunan kanta a gurbin mai laifi.