Bidiyon Baba Ya Tsaya a Kashi Sittin da Ɗaya

Shekara goma sha ɗaya da rasuwar Baba, sai ga saƙo daga wani Bature malamin jami'a mai suna Andrew. Ashe lokacin da Baba yake fasa dutse a Mpape, Baturen nan ya ɗauke shi a bidiyo yana ba abokan aikinsa waƙa, su kuma suna amshi da guduma. Mu da ko hotonsa ba mu da shi!

Bidiyon ya fi ƙarfin imel, sai Andrew ya ɗora shi a manhajar nan da kwamfuta ke jan abu kai tsaye daga wata kwamfutar. Ya ce ranar Juma'a zai ajiye aiki, jami'a za ta karɓe kwamfutarta ta goge komai.

Ranar Litinin na fara jan bidiyon. Komai gudu yake a intanet ɗina, har bidiyon kyanwa tana rawa, amma na Baba sai ɗiga yake kamar famfon unguwarmu. Na roƙi Andrew ya turo a faifai, shiru kake ji. Ranar Laraba na ɗauki ƙafa har ofishin kamfanin intanet ɗin, aka haɗa ni da Monica mai karɓar ƙorafi.

Ta ce, "Oga, wannan hanya mun rage masa speed. Masu satar fim ne suke amfani da shi."

Na ce, "Ubana ne a ciki, ba fim ɗin Indiya ba."

"Sorry sir. System bai san babanka ba."

Gaskiya ta faɗa, shi ya sa abin ya fi yi mini ciwo.

Ranar Juma'a na dawo daga masallaci na tarar ya tsaya cak a kashi sittin da ɗaya. Kwamfutar Andrew ta ɓace daga manhajar. Ga Inna Batulu, mahaifiyata, ta taso tun daga Jikwoyi, ta sha atamfar Sallah, har da kwalli da turare, wai za ta ga mijinta.

Na buɗe abin da ya samu. Ga dutse, ga ƙura, ga hannayen mutane. Sai ga Baba, ya ɗaga guduma, ya buɗe baki. A nan hoton ya ƙame.

Na kai hannu zan rufe, Inna ta riƙe ni.

"Ƙyale shi, Yahuza. Haka yake, sai ya ja numfashi kafin ya fara."

Ta gyara zama tana jira. Na kasa gaya mata.