Tafiyar Minti Shida

Tana cikin minti na biyu ƙafafunta suka fara rawa. Makanike, mijinta, ya gani tun kafin Sista ta gani, domin shekara ashirin da shida ke nan yana kallon tafiyar matar nan. Ya zabura daga kan benci zai tare ta.

"Baba, koma ka zauna," in ji Sista, idonta na kan agogon da ke hannunta.

"Faɗuwa za ta yi."

"In za ta faɗi ina nan. Aikina ke nan."

Barandar asibitin doguwa ce. An ajiye kujerar roba ɗaya a wannan ƙarshen, ɗaya a wancan, tsakaninsu mita talatin. Ba wani abu ake nema ba illa matarsa ta yi ta kai da komo tsakanin kujerun har minti shida, a ga iya nisan da za ta ci. Da wannan awon babban likita zai yanke ko jikinta zai ɗauki aikin zuciyar da suka yi wata takwas suna jiran layinsa. Layin ya zo kansu, mako biyu ya rage.

Mai Keke, haka kowa ke kiranta saboda keken ɗinkinta, har shi mijin ya bi sahu. A da mace ce mai sauri, in sun fita tare shi ke cewa ta jira shi. Yau ga ta tana jan silifa kamar an ɗaura mata bulo a kowace ƙafa, bakinta a buɗe, hannu ɗaya na laluben bango. Ta kai kujerar can, ta juyo, ta dawo, ta sake komawa. A dawowa ta biyu, kafin ta iso, ta tsaya cak.

"Mama, za ki iya hutawa a tsaye, agogo na tafiya."

"'Yata, kawo kujerar nan."

Sista ta kawo. Ta duba ɗan abin da ta maƙala mata a yatsa, ta yi rubutu, ta buɗe fayil ta koma shafin baya, ta daɗe tana kallo.

"Mama, takardar nan da muka ba ku wancan zuwan, ta tafiyar safe da yamma, kina cikewa kuwa?"

Mai Keke ta jira numfashinta ya dawo. Ba ta dubi inda mijinta yake ba.

"Ƙyuya ce ta hana ni. Yana ta fama da ni, ni ce ba na ji."

Makanike ya ji maganar kamar an sakar masa jak a kan ƙirji. Takardar tana garejinsa, cikin durowar da yake zuba tsofaffin fulogi, ta sha baƙin mai har rubutun ya ɓace. Shi ya kai ta can da hannunsa.

Ranar da aka ba su ita, likita ya zana musu zuciya a bayan wata takarda, ya ce akwai wani murfi a ciki da ba ya rufuwa daidai, jini na komawa baya. Makanike ya ce bawul ke nan, likita ya ce haka ne. Daga nan ya daina saurare, don a ganinsa an zo fagensa. Ya fi shekara talatin yana buɗe cikin inji. Injin da bawul ɗinsa ya lalace ba a tada shi, ajiye shi ake yi sai kayan gyara sun iso. Da likitan ya ƙara da cewa ta riƙa taka ƙafa minti goma safe da yamma, a hankali, tana ƙarawa kaɗan-kaɗan, in ta ji jiri ko ƙirji ya riƙe ta tsaya, sai Makanike ya ce to a baki. A ransa kuwa cewa ya yi yaron nan karatu ya sani, bai san inji ba.

Suna komawa gida ya kafa doka. Ya sauko da katifa falo don kada ta riƙa hawa matakala ukun da ke ƙofar ɗaki. Ya cire bel ɗin keken ɗinkinta ya sa a aljihu, tunda da ƙafa ake taka shi. Ya hana ta shara, ya hana ta kasuwa, ko maƙwabta ba ta leƙawa. Da tsakar rana zai bar mota a buɗe a gareji, ya zo gida ya ɗebo mata ruwa, ya ɗora tukunya, ya koma. In ya shigo ya same ta a tsaye, faɗa ne. Da 'yarsu ta yi waya daga garin da take aure ta ce ai likita cewa ya yi Mama ta riƙa tafiya, ya ce mata in tana da wata uwar a can sai ta sa ta gudu.

Aka kira su ofishin babban likita. Mutum ne mai furfura, ba yaron wancan karon ba. Ya karanta abin da Sista ta rubuta, ya taso daga kujerarsa, ya durƙusa ya matsa ƙwaurin Mai Keke da yatsu biyu. Naman ya lotsa kamar tsumma.

"Wata takwas da suka wuce kin yi mita ɗari uku da arba'in a barandar nan," ya ce. "Yau ɗari da goma."

"Zuciyar ce ta ƙara lalacewa?" in ji Makanike.

"Ta ɗan ƙara, amma ba ita ta tsorata ni ba. Jikin ne ya zube. Ƙafafu, ƙirji, naman da ke jan numfashi, duk sun saki. Aikin nan babba ne. In na kwantar da ita yau, ba ni da tabbacin za ta iya rabuwa da na'urar numfashi bayan mun gama. Ba zan yi ba."

"To layinmu fa?"

"Wani za a ba. Ku koma wajen Sista, za ta tsara mata motsa jiki daga farko. Bayan wata uku mu sake awo."

"In zuciyar ba ta jira wata ukun ba fa?"

Likita ya rufe fayil ɗin. "Ba ni da amsar wannan, Malam."

Mai Keke ta fara gyara mayafinta za ta tashi. Makanike bai motsa ba.

"Likita, ƙarya ta yi wa Sista. Ba ƙyuya ba ce. Ni na hana ta."

"Kai dai ba ka iya yin shiru ba," in ji Mai Keke a hankali.

Ya faɗi komai, bai rage ba, har bel ɗin keken. Ya faɗi maganar injin da ba a tadawa. Yana faɗa yana jiran a zage shi, don da zagin zai fi masa sauƙi. Likita ya bar shi ya kai aya.

"Sana'arka ke nan, gyaran mota?"

"Ita na tashi a ciki."

"Motar da aka jingine wata takwas ba a tada ta ba, yaya kake samunta?"

"Batir ya mutu," ya ce, bakinsa ya riga tunaninsa. "Taya ta kwanta. Birki ya kama. Mai ya yi..."

Bai ƙarasa ba. Shi ne mai yi wa masu mota faɗa in za su yi doguwar tafiya, ya ce su bar wa wani makulli ya riƙa zagayawa da ita ko sau biyu a mako. Ya faɗi wannan ya fi sau dubu. Ya dubi tafin hannunsa, baƙin mai ya zauna a kowane layi, ya rasa inda zai ajiye shi.

A bas ɗin komawa sun samu kujerar baya. Rana ta take, kwandasta na ta rigima da wani mai buhu a bakin ƙofa. Suka wuce tasha biyu.

"Me ya sa ba ki yi min gardama ba?" in ji Makanike. "Ke da ba a taɓa kayar da ke a magana ba."

"Na yi. Sau uku."

"Da kin yi na huɗu."

Ta juya tana kallon taga. "Ranar da zan yi na huɗun ka shigo da tsintsiya a hannu, kana shara kana tada ƙura kamar an saki akuya a ɗaki. Shekara ashirin da shida ban taɓa ganin ka riƙe tsintsiya ba. Ka ƙona tukunya, ka kawo min abincin da ko kare sai ya yi shawara kafin ya ci, ka tsaya a kaina sai na cinye." Ta yi 'yar dariya, tari ya katse ta. "Daɗi na ji, Baban yara. Na ce bari in ɗan ƙara kwana biyu a haka. Kwana biyun ne suka zama wata takwas. Kada ka kwashe laifin kai kaɗai, ka rage min nawa."

Ya cire hular kansa ya goge fuska da ita kamar gumi ne.

Suka sauka a bakin titi. Daga nan zuwa ƙofar gidansu falwayar lantarki biyar ce. Wani mai tasi da ya saba ɗaukarsu ya taka birki a gabansu, ya leƙo.

"Oga, a ƙarasa da Mama?"

Hannun Makanike har ya kai kan murfin motar. Ya janye shi.

"Je ka. Za mu taka."

Tun a asibiti Sista ta ce ya tafi a gefen matarsa, kada ya riƙe ta sai in ta nema. Ya haɗa hannayensa biyu a baya, ɗaya ya damƙe ɗaya. Ta fara takawa. Yana jin fitar numfashinta, yana jin silifanta na gogar ƙasa. Suka wuce falwaya ta farko. Kafin ta biyu ta tsaya, ta dafa gwiwa, kafaɗunta na hawa da sauka.

Matar mai shagon kusurwa ta fito da gudu, zaninta a hannu. Ita ce kullum ke yi wa mazan layin gori da shi, tana cewa su je su ga yadda ake riƙon mara lafiya.

"Haba Makanike! Kai ne kuwa? Mace na haki haka ka sa hannu a baya kana kallo? Gajiya ka yi da jinyar?"

Mutanen da ke zaune a benci gaban shagon suka juyo. Wani ya ce, "Ai dama ba a gama sanin mutum."

Farcen Makanike ya nutse a cikin naman hannunsa.

Mai Keke ta ɗago, ta dubi ƙofar gidansu can gaba.

"Saura nawa?"

"Uku da rabi."

"To matsa min," ta ce. "Ka tare min hanya."

Ya matsa.