Dokar Awakin Gwadabe

Tun da aka kafa ƙauyen ba a taɓa yin mulki mai tsari kamar na Gwadabe ba. Haka masu dubiya suke faɗa a zaurensa ranar da ciwo ya tsananta. Lado, maƙwabcinsa, yana zaune a bakin ƙofa yana gyaɗa kai kamar kowa.

Mulkin dai na ƙungiyar manoman gyaɗa ne, a wani ƙauye kusa da Kiru. Bara aka yi zaɓen shugaba. Malamin gona ya zo daga Kano, ya ce kowa ya tsaya bayan wanda yake so. Layin Lado ya kai har gindin rimi. Ana shirin ƙirga sai ga gawar wata tsohuwa an ɗauko daga unguwar su Lado. Mutanensa suka bi makara, shi ma ya bi. Mutanen Gwadabe suka yi mata addu'a daga inda suke tsaye. Malamin gona yana gudun hadari, ya ƙirga waɗanda ya gani. Da aka dawo daga maƙabarta, Gwadabe ne shugaba. Lado ya kai ƙara wurin dagaci, dagaci ya ba shi haƙuri da goro.

Sabon shugaba bai yi wata-wata ba. Ya sa aka dasa dalbejiya a bakin hanya, ya kafa doka cewa a ɗaure awaki har da rani, kada su cinye dashen. Mata suka shiga neman ciyawa a lokacin da babu ita. Abin da ya fi ci wa Lado rai shi ne, dashen nan shi ya fara tunaninsa.

Yanzu abu guda yake so: Gwadabe ya faɗa da bakinsa, gaban shaida, cewa zaɓen na Lado ne. Saboda haka da aka ce maras lafiya yana kiransa, ya ja Hamidu ladan suka shiga tare.

Gwadabe yana kwance cikin bargo, ƙwaryar kunu a gefe ta yi sanyi.

"Malam Lado, ka yafe ni."

Lado ya matso kusa. "Me zan yafe, Shugaba? Faɗi, ga ladan yana ji."

"Duk abin da ke tsakaninmu. Zaman tare ne."

"Kamar me da me?"

"Kai dai da tone-tone. To, bunsurunka da na jefa da hoge."

"Ranar layi fa?"

Gwadabe ya yi tari, ya huta. "Ranar layi ai ku kuka ci riba. Kun samu ladan jana'iza. Ni kujera kawai na samu."

Hamidu ya zunguri Lado. "Haba Malam, mutum yana jiran ka."

"Na yafe," in ji Lado, kamar mai haɗiyar maɗaci.

Da safiyar Juma'a Gwadabe ya cika. Lado ya yi salati, ya ce a ransa ko mutuwar ma sai da ya samu rana mai kyau. Mutane suka zo daga Bebeji da Tudun Wada. Lado ya ɗauki makara a kafaɗa, yana waiwayen jama'a, yana tunanin nawa ne a cikinsu za su zo tasa jana'izar.

Bayan sadakar uku dattawan ƙungiya suka ba shi kujerar. Ba a yi layi ba, ba wanda ma ya nema. Ya ce aikinsa na farko shi ne sakin awaki.

"Dokar marigayi?" in ji Hamidu. "Ƙasar kabarinsa ko bushewa ba ta yi ba."

Doka ta zauna.

Tasalla, matar marigayin, tana takaba, ba ta fita. Awakinta suna kan turke, sun wuni suna kuka, ana jin su har zauren Lado, inda yake zaune yana amsa gaisuwa. Duk wanda ya ce "Shugaba" sai ya ɗan karkata kunne, kamar bai ji ba, a sake faɗa.

A cikin gida Asibi, matar Lado, ta jingina tsani, ta hau rufin soro, ta jawo damin harawar da ya rage musu. Ta cilla shi ta kan katanga zuwa gidan Tasalla. Kukan ya tsaya. Nata awakin suka bi ta da ido har ta sauko.