Gwiwar Ishaƙu

Yayana Ishaƙu makiyayi ne a Issawane, kuma tun da wani bijimi ya take masa gwiwa bai sake bin shanu ba. Masu ɗori sun ja, sun murza, har guringuntsin ya cinye, ƙashi na gugar ƙashi. Mutumin da ke kai garke har arewa ya koma ko rijiya ba ya iya zuwa.

Ɗan babban yayanmu Anwar, da ke aikin jinya a ƙasar waje, shi ya kai shi wani asibiti can. Suka yanki ɗan guringuntsi daga jikinsa, suka rene shi cikin kwalba har ya yaɗu, sannan suka dasa masa a gwiwar. Da suka dawo, Anwar ya ja mini kunne.

"Gwaggo, abin nan ɗanye ne, bai kama ba. Kada ya lanƙwasa ƙahwar nan sai bayan kaka. In ya ɓalle, lokotoron da ya yi aikin ya ce babu na biyu."

Na tare a gidan, na zama ɗan sanda. Salla a zaune, alwala a zaune. Ya yi ta mita, ni kuwa ko a jikina. Zafin ya ragu, har ya fara zancen watan da zai koma daji.

Ran nan da hantsi ina tankaɗe, sai ga sallamar Malam Haladu, uban Furera matar Ishaƙu. Tsoho ne tukuf, ya hawo amalanke tun daga garin Sarkin Hausa don ya duba surukinsa. Kafin in ajiye rariya, Ishaƙu ya sauko daga gado, ya tuɓe takalmi, ya zube a tsugune, kai a ƙasa.

Na ji ƙarar. 'Yar ƙarama ce, kamar an karya karan dawa.

Wa zai ce wa mutum tashi a gaban surukinsa? Furera ta tsaya bakin ɗaki riƙe da kwanon ruwa. Shi kuma tsohon, saboda kunya, ya kau da kai yana kallon danga, ya shiga gaisuwa. Ina gajiya, ina iyali, ina bisashe, ina ruwa. Bai bar kowa ba, har jaki sai da ya tambaya. Ishaƙu na amsa "Lahiya lau, Baba," gumi na ɗiga daga haɓarsa. Wallahi ban taɓa jin haushin gaisuwa ba sai ran nan, kuma har yau ina jin haushinmu duka.

Da tsohon ya gama, sai ya saci kallonsa, ya yi murmushi.

"Alhamdu lillahi. An ce mini ba ka iya tanƙwara ta. Ashe ƙarya aka yi, ga ka tsugune ras! Aikin ya yi kyau. Bari in koma in shaida ma mutane ka warke."

"Na gode, Baba. A sauka lahiya."

Muka raka shi har amalanke, yana ta sa wa likitoci albarka. Da muka dawo, Ishaƙu na nan inda muka bar shi, ya dafe ƙasa da hannu biyu, gwiwar ta cika wando. Bai dube mu ba.

"Ya yi nisa?"

Na ce ya yi.

"To, ku kama ni. In Salisu dillali ya shigo gari, ku ce ya zo ya ga shanun."